Idan Inji Ya Ƙi Shan Mai: Bi Sawu Daga Tanki Kafin Ka Taɓa Kafireto

 Ga abin da muka tattauna a filin direbobi da masu babura na wannan karo. Mun rubuta shi ne saboda waɗanda shirin ya wuce su suna daji ko suna kan hanya. Wanda ya iya karatu, don Allah ya karanta wa na kusa da shi.

Tambaya ɗaya ce ta yi ta dawowa, kowa da irin tasa fuskar. Mai a-kori-kura ya ɗauko tumaki zai kama kasuwar Pitowa ranar Lahadi, mota ta fara tari, ta yi fizge-fizge, ta mutu a inda babu ko bukka. Makiyayi ya hau babur zai sayo allurar shanu, babur ya tashi lafiya, ya yi tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba, ya tsaya. Mai lambun albasa ya fito da injin ban-ruwa da ya ajiye tun bara, ya ja igiya har kafaɗa ta yi tsami, shiru. Dukansu kalma ɗaya suke faɗi: kafireto ne. A kwance shi, a wanke, a murɗa nan, a murɗa can, a biya kuɗi, gobe ciwo ya dawo. Sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki.

Sababbin motoci sun bar kafireto, kwamfuta ce ke fesa musu mai. Amma mu nan har yanzu da shi muke ci. Tsohuwar Peugeot 504, wadda ta fito a Faransa a 1968 kuma aka daɗe ana harhaɗa ta a Kaduna, da kafireto take aiki. Haka yawancin baburan da ke ratsa daji da buhuna, haka janareto, haka injin ban-ruwa. To mene ne aikinsa? Gauraya fetur da iska, shi ke nan. Kilo 1 na fetur yana son kusan kilo 15 na iska kafin ya ci wuta yadda ya kamata. In an auna da lita, lita 1 ta fetur tana tafiya da iska kimanin lita 9,000. Ka riƙe wannan lissafi, za mu dawo kansa idan mun zo maganar ƙurar hunturu.

A ƙarƙashin kafireto akwai ɗan kwano inda mai ke taruwa, kamar komin shayar da dabbobi a bakin rijiya. In ka tarar da komi a bushe, ai ba komin za ka fasa ba. Sai ka duba guga, ka duba igiya, ka leƙa rijiyar. Mai ma hanya gare shi: daga tanki ya bi tiyo, ya ratsa mataci, famfo ya tura shi in mota ce, sannan ya isa kwano. Wanda saniyarsa ta ɓata, daga inda ta bar garke yake ɗaukar sawu. Haka za mu yi.

Amma tukuna, ka tabbata ciwon na mai ne, ba na wuta ba. Ciwon mai yakan yi sallama: inji ya rage ƙarfi, ya yi tari, ka taka totur ya ƙi amsawa, sannan ya mutu. Ciwon wuta sau da yawa farat ɗaya yake yankewa, kamar an kashe makulli. A mota, ka kashe inji, ka cire murfin matacin iska, ka leƙa maƙogwaron kafireto, wani ya taka maka totur sau ɗaya. In ka ga ɗan tsartuwar mai, to kwano da mai a ciki. In ba ka ga komai ba, mai bai iso ba. A babur kuwa akwai ɗan noti a gindin kwanon, ka sassauta shi ka tara kwalba. Gwajin wuta kowa ya sani: a cire fulogi, wanda na Garwa ke kira buji, a ɗora shi jikin inji, a buga kiki a ga ko zai yi tartsatsi. Sai dai fa kada ka yi wannan gwaji kusa da man da ya zube.

To, mu je tanki. Abin da ya fi ba mutane mamaki a shirin shi ne murfin tanki. A baburanmu da tsofaffin motoci akwai 'yar ƙaramar kafa a murfin, wadda iska ke bi ta shiga yayin da mai ke raguwa. In ƙura ta toshe ta, tanki ya zama kamar gwangwanin madara da aka huda waje ɗaya: ya ɗan zubo, ya tsaya. Alamarsa ita ce abin hawa ya yi 'yar tafiya ya mutu, ka huta kaɗan ya tashi, ya sake mutuwa. Da ya mutu, buɗe murfin ka kasa kunne. In ka ji iska ta yi fuu ta shiga, kuma inji ya tashi garau, ka kama ɓarawo. Ni kaina na taɓa tura babur da rana tsaka a hanyar Gashiga, ina ta zagin wanda ya sayar mini da mai a zuci, ashe ledar da na naɗa a bakin tanki don kada mai ya fantsalo ita ce ta shaƙe shi. Bawan Allah nan bai ci ba bai sha ba, na ɗauki alhakinsa.

Sai man kansa. A nan dole mu faɗa wa juna gaskiya. Mafi yawanmu ba gidan mai muke zuwa ba, zuwa-zuwa muke sha, man da ke tsallako iyaka a jarkoki, wani a bayan babur, wani ta kogin Binuwai idan ruwa ya kawo. Ba mu zo wa'azi a kan wannan ba, kowa ya san aljihunsa. Amma lissafi ya canza. Ranar 29 ga Mayu 2023 shugaban Najeriya Bola Tinubu ya ce an janye tallafin mai, farashi ya tashi a can, ya biyo jarka ya taddo mu. A nan Kamaru ma litar fetur a gidan mai ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, ta sake hawa zuwa 840 a Fabrairun 2024, alhali an bar kananzir a 350. Ka duba wannan rata. Wanda ba ya tsoron Allah zai ga riba a zuba kananzir cikin fetur. Ba duka masu sayarwa ba, akwai mutanen kirki da yawa a cikinsu, amma kai da za ka shiga daji kai ne za ka kwana da abin da ka saya.

Gwaji biyu ne, kuma ba sa cin ko dala. Na farko, ka ɗiga man a farar takarda ka ɗan jira. Fetur tsantsa zai tashi ya bar takarda kusan yadda take. In ya bar tabon maiƙo da ya ƙi bushewa, an haɗa shi da kananzir ko gas. Irin wannan mai yana sa inji wuyar tashi da safe, ya riƙa ƙwanƙwasa in ya ɗau kaya, ya yi hayaƙi. Na biyu, ka zuba a farar kwalba ka ajiye ta ta natsu. Ruwa ya fi fetur nauyi, domin litar fetur kamar kashi uku cikin huɗu na kilo ce, ta ruwa kuwa kilo guda cur. Saboda haka ruwa zai kwanta a ƙasa, ka gan shi da idonka kamar ƙwayar ido. A tanki ma ƙasa yake kwanciya, tare da tsatsa da yashi. Shi ya sa mai babur kan ce lafiya lau yake tafiya, yana murɗa makunnin mai zuwa rizab sai babur ya fara tari. Rizab daga gindin tanki yake ja. Kuma ba sai an cuce ka ruwa ke shiga ba. Tankin da ke kwana rabi da damina yana yin raɓa a ciki, jarka mai sakakken murfi a cikin kwalekwale ma tana sha.

Kada kuma wani ya ce man gidan mai ba ya laifi. A farkon 2022 an shigo Najeriya da fetur daga Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima, ya lalata motocin mutane kafin hukuma ta janye shi, aka yi ta layi a gidajen mai. Ko daga ina ka sha, in ciwo ya fara jim kaɗan bayan shan mai, man ne abin zargi na farko.

Akwai kuma man da ya tsufa. Kwalbar da ta wuni a rana a bakin titi, sashen fetur mai saurin kamawa ya gudu daga cikinta. Wanda ya kwana watanni a kwanon kafireto kuwa bushewa yake yi ya bar wani danƙo kamar ƙaro, ya toshe ƙananan ramuka. Ciwon injin ban-ruwan mai albasa ke nan. Maganinsa tun ranar ajiya ne: ka rufe makunnin mai, ka bar inji ya ci na cikin kwano har ya mutu da kansa, sannan ka kai shi ɗaki.

Daga tanki sai tiyo da mataci. Mataci, wato filta, in na roba ne mai haske ɗaga shi ka duba. In ka ga ja ko baƙi ya taru, canza shi, kuma ka lura da kibiyar da ke jikinsa, tana nuna wajen kafireto. Toshewar mataci tana da wayo. A cikin gari mota lafiya, sai ka ɗau buhuna ka kama hawa, inda inji ke neman mai da yawa, sannan ta shaƙe. Tiyo kuma ka bi shi da hannu taki-taki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar da ke tsakanin tanki da famfo ba lallai ta zubar da mai ka gani ba, iska take zuƙa, famfo ya yi ta bugun banza.

Babura da yawa ba su da famfo, tanki na sama, mai gangarowa yake yi. Mota irin 504 kuwa tana da famfo a jikin inji, da wata fatar roba a ciki da ke bugawa sama da ƙasa. Gwajinsa: ka cire tiyon da ke shiga kafireto ka sa bakinsa a kwalba, ka cire wayar da ke kai wuta ga kwayil don kada a sami tartsatsi, wani ya murɗa makulli. Famfo mai lafiya zai riƙa tofo mai da ƙarfi, bugu bayan bugu. In ɗigo yake yi, ko hanya ta toshe a baya ko fatar ta gaji. Ga wani abu da ya kamata kowane direba ya sani: fatar nan in ta yage, fetur na iya gangarawa cikin baƙin mai. Ka zaro sandar awo ka sansana. In ka ji warin fetur, ko ka ga baƙin mai ya ƙaru alhali ba ka ƙara ba, kada ka ci gaba da tafiya a haka, inji ne gaba ɗaya za ka rasa.

Wasu in famfo ya mutu sai su sa na lantarki. Babu laifi, in an sayo na kafireto. Kafireto turi kaɗan yake so, abin da bai kai rabin ba ɗaya a ma'aunin matsi ba. Famfon motar zamani mai fesa mai yana tura wajen ba 3. In aka ɗaura maka irinsa don an same shi da araha a wajen 'yan gwangwan, zai rinjayi allurar kafireto, mai ya yi ambaliya a kan inji mai zafi. Ita kuma dabarar ɗaure jarka a saman mota a sauko da tiyo, mun san tana fitar da mutum daga daji, kuma tana nuna cewa laifin na famfo ne ko na tanki. Amma daga nan zuwa garejin farko ne iyakarta. Mun ga masu yin wata guda a haka, da fasinja a baya, wani ma da taba a baki. Haba!

Yanzu ga ciwon da ya fi zama namu, mu mutanen kwarin Binuwai. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa kan wuce digiri 40 a inuwa, to ina ga ƙarƙashin bonet? Fetur ba kamar ruwa ba ne da sai ya kai 100 yake tafasa, wani sashensa tun kafin 40 ya fara zama tururi. In tiyo ya bi kusa da salansa, ko famfo ya gasu, man ciki sai ya koma tururi, famfo kuwa ba ya iya tura tururi. Alamar ba ta ɓuya. Da sanyin safiya mota garau. Da rana ka tsaya a shingen jami'ai ko ka sauke kaya a Adumri, minti goma ka dawo, ta ƙi tashi. Ka zauna a inuwa rabin awa, ta tashi kamar ba ita ba. Mutane har cewa suke yi an yi wa mota baki. Ba baki ba ne. Buɗe bonet, ka jiƙa tsumma ka ɗora a kan famfo da tiyon ƙarfe, ban da wayoyin wuta. In ta tashi, ka gane. Gyaran dindindin shi ne a janye tiyo daga salansa, a duba ko farantin da ke raba kafireto da zafin inji yana nan, domin wasu makanikai kan jefar da shi. Motar da aka yi ta da tiyon mayar da rarar mai tanki, in an toshe shi a buɗe, domin yawon da mai ke yi shi ke sanyaya shi.

Sai ka bi duk wannan ka ga mai mai tsabta yana isowa da ƙarfi, sannan kafireto ya shiga layin tuhuma. A cikin kwanon akwai wani ƙoƙo mai iska da ke yawo a kan mai, ana ce masa fulot, da 'yar allura a jikinsa. Kwano ya cika, ƙoƙo ya taso, allura ta rufe ƙofa. Ƙwayar yashi ɗaya in ta tokare allurar, mai zai yi ta zuba ta tiyon ƙasa, ko inji ya shaƙe da wari. Wani lokaci in ka ɗan ƙwanƙwasa kwanon da ƙotar sukuddireba sai ta saki. In ƙoƙon ya huje, girgiza shi a kunne za ka ji mai a ciki, sai sabo.

Ramukan da ke auna mai su ne jet. Ƙarami shi ke riƙe inji a silo, babba shi ke ba da mai in an buɗe totur. Saboda haka injin da ke mutuwa da ka saki totur amma yana gudu in ka ja, ƙaramin ne ya toshe. Wanda ke silo lafiya amma ya shaƙe in ka ja, babban ne, ko kuma mai ne ba ya isowa da yawa. Cok ma malami ne. Inji da zafinsa, ka ɗan ja cok: in ya gyaru, mai ya yi masa kaɗan ko iska na shiga ta wata tsaga a robar da ta haɗa kafireto da inji. In ya ƙara lalacewa, mai ya yi yawa. Fulogi zai ba da shaida. Baƙi mai kunkunniya, mai ya yi yawa. Fari fat kamar toka, ya yi kaɗan. Mai lafiya launin ƙasa-ƙasa yake.

Abu biyu nake roƙo a daina. Kada a soka allurar ɗinki ko waya a cikin jet. Tagulla ce mai laushi, ramin an auna shi, in ka faɗaɗa shi ko da kaurin gashi ne ba ya komawa, ka sayi shan mai har abada. A wanke da fetur, a hura da iskar famfon taya. Na biyu, a daina cewa bakanike ya matse mai don tsimi. Injin da mai ya yi wa kaɗan zafi yake yi fiye da ƙima, ya ƙone bawul ko ya huda fistin. Abin da ka tara na mako shida, rana ɗaya za ka kai wa mai kayan gyara. In ma dole ka taɓa sukurun, ka fara murɗa shi ciki a hankali kana ƙirga zagaye, don ka san inda za ka mayar da shi.

Mu koma kan lita 9,000 ɗin nan. Duk wannan iska ta cikin mataci take bi, kuma da hunturu kun san abin da ke cikinta. Matacin iska in ya cika da ƙura, inji ya kasa numfashi, ya yi ta zuƙar mai, baƙin hayaƙi na fita. Sai a ce kafireto. A'a, a kakkaɓe mataci, na soso a wanke a ɗan shafa masa baƙin mai. Masu cire shi gaba ɗaya su ce babur ya ƙara gudu, yashi suke ba injinsu. Masu hawa zuwa Ngaundere kuma su lura: garin ya fi Garwa tudu da wajen mita 900, iskar can ta fi sauƙi, don haka mota na iya rage ƙarfi kaɗan ta ɗan yi hayaƙi. Kada ka bari a murɗa maka komai a can in gida za ka dawo.

Maganar zuƙo mai da baki ta tiyo, wadda yaranmu ke yi kullum a bakin jarka. Fetur in ya sarƙe mutum ya shiga huhu, yana iya kwantar da shi ko ya kashe. Wanda ya haɗiya kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, a kai shi asibiti. Kada kuma a tsiyaya fetur a maƙogwaron kafireto wani na murɗa makulli, fuskarka a sama, domin wuta kan dawo ta nan. In wuta ta kama, yashi ko ƙasa ko jiƙaƙƙen bargo. Ruwa watsa ta yake yi.

Mai shiga daji ya sa waɗannan a jaka: mataci sabo guda, tiyo kamu biyu da maɗaurinsa, fulogi, farar kwalba, mazurari da ƙyalle mai tsabta na tace mai, sukuddireba, da sifana lamba 10. In ka bi sawu tun daga murfi har jet, mai na zuwa, wuta na nan, inji ya ƙi, to abin ya shiga ciki, wajen bawul ko zoben fistin, wannan kuma aikin gareji ne. A nemi mai ja tun da sauran rana, a sauke dabbobi a ba su ruwa. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu ɗauki ɓangaren wuta, daga batir zuwa fulogi, sai ku aiko da tambayoyinku.